Malam Abdullahi Na Gwandu: Wazirin Da Ya Bar Runduna Domin Tsiran Zuciyarsa

A cikin manyan mutanen da ƙasar nan ta yi, kaɗan ne suka guji mulki alhali yana hannunsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, yana cikin waɗannan 'yan kaɗan.

An haife shi wajen shekarar 1766. Ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa Shehu, wanda ya koya masa Larabci da fiƙihu da tauhidi. Ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrila ɗan Umaru. Shekaru masu yawa yana biye da Shehu wajen yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi.

Da aka yi hijira zuwa Gudu a shekarar 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, ya zama wazirinsa. A wannan shekara ya jagoranci jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto, inda aka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa.

Amma fa nasara takan zo da nata ciwo. Malamai da mahaddata masu yawa sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa, runduna kuwa ta cika da waɗanda ganima ta kawo su. Malam Abdullahi ya ga ana rige-rige wajen neman sarauta da tara dukiya da dawaki, watau ainihin abin da aka yi hijira domin a guje masa. Ya tabbata cewa cutar da ta kama sarakunan da suka yaƙa ta fara shiga zukatan jama'a.

Saboda haka a shekarar 1807, runduna tana kan hanyar Alkalawa, sai ya sulale tare da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Shi da kansa ya ba da labarin wannan tafiya a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Irin wannan ya taɓa faruwa ga Imamu Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a shekarar 1095 domin neman lafiyar zuciyarsa, daga baya ya koma ga almajiransa.

Tafiyar Malam Abdullahi ta tsaya a Kano. Mutanen birnin suka roƙe shi ya zauna ya nuna musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya duba ya ga abin da ya gudu dominsa yana nan gabansa. Sai ya amsa roƙonsu, ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana wajiban shugaba da na alƙalai da sauran masu riƙe da amanar jama'a. Bayan haka ya juya ya koma wurin Shehu. A shekarar 1808 Alkalawa ta faɗi, a 1812 kuma aka ba shi riƙon ƙasashen yamma.

Jarrabawa mafi girma ta zo a shekarar 1817, lokacin da Shehu ya rasu. Kafin Malam Abdullahi ya iso Sakkwato an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a rufe. Ya juya da ɓacin rai, aka yi 'yan shekaru tsakaninsu ba daɗi. Sa'ad da yaƙin Kalambaina ya tsananta gare shi, Bello ya taho da mayaƙa ya taimake shi. Da aka ci nasara, dattijon ya yi wa ɗan wansa, kuma almajirinsa, mubaya'a a gaban jama'a. Da wannan ya kashe wutar da za ta iya raba daular gida biyu.

Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Cikin littattafansa akwai tafsirin nan Liya'ut Tawili, da waɗansu a kan gyaran hali, kamar Sabilun Najati da Tahzibul Insani. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1829. Allah Ya jiƙansa.

Malamai sun ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da daina laifi, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Rayuwar Malam Abdullahi ta nuna cewa ana cika su ne a tsakiyar mutane. Manomin rani a Kura ko Bunkure ya san cewa in magudana ta toshe, ruwan Tiga ba ya isa gona, kuma maganin abin shi ne a shiga a yashe ta, ba a yi ƙaura ba. Haka ma'aikacin da aka danƙa wa kuɗin jama'a, da ɗalibin da zai gaje shi gobe. Hassada da kwaɗayi da girman kai suna bin mutum duk garin da ya je, sai fa in ya tsaya ya yi jinyarsu a inda Allah Ya ajiye shi.