Gabriel Millet, Mai Nazarin Zane-zanen Rumawa

An haifi Gabriel Millet a shekarar 1867 a garin Saint-Louis na ƙasar Senegal, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Faransa. Bafaranshe ne, kuma ya yi maraici tun yana ƙarami, saboda haka a Faransa ya girma, a can kuma ya karanci tarihi.

Abin da ya ƙare rayuwarsa a kai shi ne nazarin gine-gine da zane-zanen Rumawa, wato mutanen daular nan mai hedikwata a Kustantiniyya, Istanbul ta yau, wadda Turkawa suka ci da yaƙi a 1453. Su ne Rumawan da aka ambata a cikin Alƙur'ani.

A 1891 ya shiga makarantar bincike da Faransa ta kafa a birnin Atina na ƙasar Girka. Sunan da makarantar ta yi a wajen tonon kufan Girkawan dauri ne, amma shi sai ya mai da hankali ga tsofaffin majami'u, waɗanda ba a cika kulawa da su ba. Ya fara da majami'ar Dafni, kusa da Atina, inda aka ƙawata bango da ƙananan duwatsu da gilasai masu launi, ya fitar da littafi a kanta a 1899. Ya kuma bi kufan birnin Mistra, da Dutsen Atos inda ruhubanawa ke zaune, da Tarabzon, da ƙasar Sabiya. Duk inda ya je sai ya auna gini, ya kwafi rubutun bango, ya ɗauki hoto. Matarsa Sophie ta raka shi tafiye-tafiye da dama tana taya shi zane, sai dai ban da Atos, domin har yau mace ba ta shiga wurin.

A wancan zamani masana da yawa suna ganin fasahar Rumawa ta ƙarnukan ƙarshe ba kome ba ce sai kwaikwayo da lalacewa. Millet bai tsaya jayayya da baki ba. Ya jera zane kusa da zane, ya nuna cewa a ƙarni na 14, daidai lokacin da ƙarfin daular ke ƙarewa, masu zanenta sun fito da sabon salo mai rai. Babban littafinsa kan yadda aka zana labaran Linjila ya fito a 1916. Masanan baya sun yi gyara ga yadda ya kasa masu zanen gida-gida, amma hotunan da ya tara a birnin Paris har yanzu ana komawa gare su, musamman da yake wasu gine-ginen sun canza kama bayan zuwansa.

Ya koyar a Paris shekaru masu yawa, ya kai ga kujerar farfesa a Collège de France. Ɗalibinsa André Grabar ya ci gaba da wannan fanni a bayansa. Millet ya rasu a Paris a 1953.