Tarihin Nelson, Sarkin Yaƙin Jiragen Ruwan Ingila

Duk wanda ya taɓa karanta tarihin Ingila, ko kaɗan ne, ya ji sunan Horatio Nelson. Abin da aka fi riƙewa daga labarinsa kuwa shi ne ranar da ya kara madubin hangen nesa a makahon idonsa, don kada ya ga umurnin shugabansa. Samari suna son wannan labari ƙwarai, gama suna tsammani ya halatta musu taurin kai. Amma wanda ya bi rayuwar mutumin tun daga farko zai ga al'amarin ya fi haka zurfi.

An haife shi ran 29 ga watan Satumba, 1758, a wani ƙauye da a ke kira Burnham Thorpe, cikin lardin Norfolk, gabashin Ingila. Ubansa limamin coci ne, ba mai dukiya ba, ga 'ya'ya goma sha ɗaya, Horatio ne na shida. Uwarsa ta rasu yana da shekara tara. A farkon 1771, yana da shekara goma sha biyu, sai kawunsa Kyaftin Maurice Suckling ya ɗauke shi aiki a jirginsa na yaƙi. Yaron ɗan siriri ne mai yawan laulayi, kuma har ƙarshen ransa in teku ta yi fushi sai jiri da amai su kama shi. Duk da haka kafin ya kai shekara goma sha takwas ya je tekun ƙanƙara ta arewa, ya je Indiya, inda zazzaɓi ya kusa kashe shi. Ya ci jarrabawar laftanan a 1777, ya zama kyaftin a 1779 yana da shekara ashirin. A faɗi gaskiya, kawun nan nasa, wanda a lokacin ya zama babba a ofishin jiragen yaƙi, ya buɗe masa ƙofofi da yawa.

Halinsa ya fara bayyana a 1784, da aka tura shi tsibiran Karibiyan da jirgin Boreas. Akwai doka wadda ta hana jiragen Amurka ciniki a tsibiran Ingila, amma fatake da hukumomin wurin, har da shugabansa na jiragen ruwa, sun kau da kai. Nelson ya ce doka doka ce, ya kama jirage. Fatake suka kai shi ƙara, har ya daɗe bai iya sauka ƙasa ba don kada a tsare shi. A can ya auri wata bazawara, Frances Nisbet, a 1787. Da ya komo gida sai aka bar shi shekara biyar ba jirgi, yana karɓar rabin albashi, yana ta rubuta takardun roƙo ba a biya masa bukata ba, sai da yaƙi ya tashi da Faransa a 1793.

A nan ya kamata mu tsaya mu ga yadda a ke yaƙin teku a wancan zamani. Jiragen na katako ne, iska ke tura su da filafilai. Babban jirgi yakan ɗauki igwa 74, wani har ya wuce 100, an jera su a haƙarƙarinsa na dama da na hagu, goshinsa da bayansa kuwa kusan tsirara su ke. Saboda haka al'ada ita ce kowace runduna ta yi sahu ɗaya, jirgi bayan jirgi, ta juya wa abokan gaba haƙarƙari, a yi ta harbe-harbe har dare, galibi a rabu ba wanda ya gama da wani. Shugaba yana ba da umurni da tutoci da a ke ɗagawa a bisa jirginsa, amma da an fara harbi sai hayaƙin albarushi ya rufe kome. Kyaftin ɗin da ya fita sahu ba da izini ba kuwa, shari'ar soja ke jiransa.

A 1794, wajen kewaye garin Calvi a tsibirin Kosika, harsashin igwa ya faɗi kusa da Nelson ya watsa masa yashi da tsakuwa a fuska, idonsa na dama ya daina gani. Ran 14 ga Fabrairu, 1797, yana ƙarƙashin Sir John Jervis, jiragen Ingila 15 suka gamu da na Sifen 27 daura da Cape St Vincent, a gaɓar Fotugal. Jervis ya ratsa tsakiyar Sifaniyawa ya raba su biyu. Nelson yana can wajen ƙarshen sahu, sai ya hango suna shirin sake haɗuwa kafin sahun Ingila ya gama juyowa. Bai jira tuta ba, ya fid da jirginsa ya tare musu hanya. Da jirgin nasa ya lalace sai ya manna shi a jikin San Nicolas, ya hau da mutanensa ya kama, daga nan kuma ya ƙetara bisa San Josef ya kama shi. Jervis ya rungume shi, don ko da ya bar sahu, abin da Jervis ke nufi shi ya aikata.

Wata biyar bayan wannan, ƙarfin halin nan ya ja masa hasara. Ya kai hari da dare garin Santa Cruz na tsibirin Tenerife, alhali mutanen garin sun riga sun farga sun shirya. Mutanensa fiye da ɗari suka hallaka, harsashi ya farfasa masa hannun dama, agolansa Josiah Nisbet ya ɗaure masa shi da ƙyalle, aka mai da shi jirgi aka yanke. Ya koyi rubutu da hagu.

A 1798 Nafoliyon ya tashi daga Tulon da babbar runduna, ba a san inda ya nufa ba. Nelson ya bi sawunsa cikin Bahar Rum, ya yi zaton Masar ce, ya isa Iskandariya kwana kaɗan kafin Faransawa, bai tarad da kowa ba, ya juya. Cikin makonnin neman nan, duk sa'ad da teku ta kwanta yakan kira kyaftin-kyaftin ɗinsa jirginsa, su ci abinci tare, ya bayyana musu abin da ya ke so a yi in an gamu da abokan gaba. Ran 1 ga Agusta, da la'asar sakaliya, suka sami jiragen Faransa 13 sun kafa anga cikin sahu a Abukir, kusa da bakin Kogin Nilu. Faransawa sun ɗauka ba za a taɓa su ba sai da safe. Nelson ya faɗa musu nan take. Kyaftin Foley, wanda jirginsa Goliath ke gaba, ya lura akwai hanya tsakanin sahun Faransa da tudun rairayi, ya kutsa ba da wata tuta ba, jirage huɗu suka bi shi, sauran suka bi ta waje, aka sa Faransawa tsakiya. Wajen ƙarfe goma na dare babban jirginsu L'Orient ya kama wuta ya fashe. Daga cikin 13, biyu kaɗai suka tsira, sojan Nafoliyon suka maƙale a Masar. A ganina wannan ita ce babbar gwanintar Nelson: ya riga ya zuba tunaninsa cikin kawunan mutanensa, har Foley ya aikata abin da ba a umurce shi ba, ya kuwa yi daidai.

Daga nan ya sauka Napoli ta Italiya da rauni a goshi, yabo ya yi masa yawa. Ya kamu da son Emma, matar jakadan Ingila Sir William Hamilton, har daga baya ya rabu da matarsa, Emma ta haifa masa 'ya, Horatia, a 1801. A 1799 masu tawayen Napoli suka ba da kai bisa alkawarin za a bar su su tafi. Nelson ya soke alkawarin, ya miƙa su ga sarkinsu, aka kashe da yawa. Shugaban jiragen Napoli, Caracciolo, aka yi masa shari'a aka rataye shi a rana ɗaya, da sa hannun Nelson. A shekaran nan kuma ya ƙi umurnin shugabansa Lord Keith na ya tafi tsaron tsibirin Minorca, hukumar jiragen yaƙi ta tsawata masa. Wannan ƙin umurni ba ya cikin waɗanda a ke yabo. Haka kuma wasiƙar da ya rubuta wa wani mai gonakin rake na Jamaika a 1805 ta nuna yana bayan masu bayi, yana gāba da Wilberforce da masu neman a hana cinikin bayi.

To, sai labarin makahon ido. Ran 2 ga Afrilu, 1801, Nelson yana mataimakin Sir Hyde Parker, ya shiga mashigin Kofanhagan ta Danmak da manyan jirage 12, uku suka kafe a rairayi. Parker yana nesa, ya ga wuta ta yi tsanani, ya ɗaga tutar a janye. Amma janyewa ita ce hallaka, don hanyar fita ƙunci gare ta, kuma ta bi ta bakin igwogin wani ganuwa. An ce Nelson ya kara madubi a makahon idon ya gaya wa kyaftin ɗin jirginsa, watau Foley ɗin nan na Abukir, bai ga wata tuta ba. Ya bar tasa tutar ta a matsa kusa tana kaɗawa, manyan jiragen suka bi tasa. Kyaftin Riou, wanda ke kusa da Parker da ƙananan jirage, ya bi umurni ya juya, aka harbe shi yana juyawa. Kafin yamma aka tsai da wuta. Aka kira Parker gida, aka ba Nelson rundunar. Da an ci shi a ranar, da wuyansa ne zai biya, ya kuwa san haka.

A 1803 aka ba shi rundunar Bahar Rum, ya hau Victory, ya yi kusan shekara biyu yana gadin Tulon bai taka ƙasa ba. A 1805 shugaban jiragen Faransa, Villeneuve, ya sulale, Nelson ya bi shi har Karibiyan ya komo. A ƙarshen Satumba ya iske rundunarsa daura da Kadis, ya tara kyaftin-kyaftin ya shimfiɗa musu shirinsa: za su taho sahu biyu su sare sahun abokan gaba a tsaye, su cinye tsakiya da baya kafin na gaba su juyo. Ya rubuta musu kuma, in hayaƙi ya hana ganin tuta, wanda ya manna jirginsa a jikin na abokin gaba bai yi kuskure ba.

Ran 21 ga Oktoba, 1805, daura da Tarafalga, jiragensa 27 suka fuskanci na Faransa da Sifen 33. Ya ɗaga tutoci yana tuna wa kowa ƙasarsa na sa ran zai cika aikinsa. Iska ba ƙarfi, saboda haka Victory ta yi wajen minti 40 tana tafe da goshi, ana harbinta ba ta da halin ramawa. Collingwood ya ratsa da sahunsa, Nelson ya ratsa da nasa, sa'an nan kowane kyaftin ya nemi abokin karonsa. Bayan ƙarfe ɗaya kaɗan, Nelson yana kai da kawowa a bisa jirgi tare da Kyaftin Hardy, da taurarin girma a ƙirjin rigarsa, sai wani ɗan bindiga daga saman jirgin Redoutable ya harbe shi. Harsashin ya shiga ta kafaɗar hagu ya karya ƙashin baya. Ya yi wajen sa'a uku a ɗakin likita, Hardy ya kawo masa albishirin nasara, ya cika wajen ƙarfe huɗu da rabi, yana da shekara 47. Abokan gaba sun yi hasarar jirage 18, Ingila ba ta rasa ko ɗaya ba, ko da ya ke hadarin da ya biyo baya ya sa huɗu kaɗai daga waɗanda aka kama suka isa Jibiralta. Akan ce wannan yaƙi ne ya hana Nafoliyon ƙetarowa Ingila, amma tun watan Agusta ya riga ya kwashe sojansa daga gaɓa ya nufi Ostiriya. Abin da Tarafalga ta yi shi ne ta bar wa Ingila mulkin teku har fiye da shekara ɗari.

Aka sa gawarsa cikin gangar barasa don kada ta ɓaci, aka binne shi a cocin St Paul ta Landan ran 9 ga Janairu, 1806. Da safiyar yaƙin ya rubuta wasiyya yana bar wa ƙasarsa amanar Emma da Horatia. Gwamnati ta ba wansa William sarauta da dukiya, ba ta ba Emma kome ba, ta mutu cikin talauci da bashi a Calais ta Faransa a 1815. Victory kuwa an shigar da ita busasshiyar ma'ajiyar jirage a Portsmouth a 1922, akwai ɗan allon tagulla a daɓenta daidai inda ya faɗi.