Abdulkarim Barth: Baturen da ya hau dutse ba jagora, ya zo Gwandu neman rakiya

A Turai akwai masu sana'ar jagorantar mutane zuwa kan tsaunuka, su hau da su a ƙafa, su gangaro suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ƙungiyar irin waɗannan jagororin da ke garin Shamoni na Faransa ta kafu ne a 1821. A wannan shekarar aka haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg na Jamus, matafiyin da aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, wanda ya gane amfanin jagora bayan ya kusa rasa ransa.

Barth ya yi karatu a jami'ar Berlin, ya kuma iya Larabci. A watan Maris na 1850 ya bar Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, bisa aiken gwamnatin Ingila na gano hanyoyin ciniki.

A watan Yuli suka iso gindin dutsen Idinen, kusa da Gat. Buzaye sun ɗauki dutsen a matsayin mazaunin aljanu, don haka ba wanda ya yarda ya raka shi. Barth ya ƙi jin gargaɗi, ya ɗauki 'yar salka da ɗan guzuri ya kama hanya shi kaɗai. Ya hau dutsen, amma ruwa ya ƙare, a dawowa kuma ya ɓata. Ya kwana a daji, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jijiyarsa yana tsotsar jininsa. Washegari wani Buzu ya bi sawunsa a kan raƙumi, ya same shi kwance rai a hannun Allah.

Daga nan tafiyarsa ta koma hannun masu ƙasa. A duwatsun Azbin ya zauna ƙarƙashin kariyar Annur, shugaban Kel Owi, ya ziyarci Agadas, sannan ya bi ayarin gishiri zuwa kudu, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851. Richardson ya rasu a wannan shekarar, Overweg ya bi shi a 1852 a bakin tafkin Chadi. Barth ya bar Kukawa ya nufi Timbuktu, ta Damagaram da Katsina, ya kuma gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

A watan Mayun 1853 ya iso Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Halilu mutum ne mai keɓe kansa, bai yarda sun haɗu ido da ido ba. Duk da haka Barth ya jira, ya miƙa kyaututtuka, har ya samu takardar izinin ratsa ƙasar. A wannan zaman ya samu aron littafin Tarihin Sudan, ya shafe kwanaki yana kwafe sassansa. Ya ɗauka Ahmad Baba ne mawallafin, alhali Abdurrahman Assa'adi ne, amma ta wannan kwafin na Gwandu malaman Turai suka fara sanin jerin tarihin daular Songhai.

Hanyar yamma tana da hatsari a lokacin, domin Kabawa sun yi tawaye tun 1849. Barth ya bi ta Birnin Kebbi da Diggi, wadda a yau take ƙaramar hukumar Kalgo, ya haye fadama zuwa Zogirma. A can ya tsaya ya ɗauki 'yan rakiya masu makamai kafin ya shiga daji, ya isa Say a bakin kogin Kwara a watan Yuni.

Ba kowane jagora ne na kirki ba. Wani Balaraben Walata da ya ɗauka a hanya ya riƙa cin dukiyarsa. Sai dai da ya shiga Timbuktu ranar 7 ga Satumba, 1853, Shehu Ahmad Albakka'i ya tsaya masa, ya kare shi daga masu neman ransa har ya fita a 1854. A hanyar komawa ya sake biyowa ta Gwandu.

Ya isa Landan a 1855 tare da Dorugu da Abbega, ya wallafa labarin tafiyarsa cikin juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858. Ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Cikin Turawa ukun da suka tashi daga Tarabulus shi kaɗai ya koma gida. Sunansa ne a bangon littafin, amma Buzun da ya bi sawu, da madugan ayari, da 'yan rakiyar Zogirma, su suka san inda rijiya take da inda maƙiyi ke fako.