Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Ɗora Karatu A Bakin 'Yan Mata

A nan unguwar Briketeri ta Yawunde, duk wanda ke da yaro a lakwal ya saba jin sa da dare yana haddace waƙoƙin Faransanci, irin tatsuniyoyin La Fontaine na hankaka da dila. Ba mu ce wannan laifi ba ne. Abin da ke damun mu shi ne, in ka tambayi yaron nan ko ƙanwarsa wace ce Nana Asma'u, sai su yi tsuru-tsuru, alhali kuwa ita ce ta mayar da waƙa littafin karatun 'yan mata tun Turawa ba su kafa makaranta ko ɗaya a ƙasar Hausa ba.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793, ita da ɗan tagwayenta Hasan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ga yunwa da yaƙi da ƙaura da idonta tun tana ƙarama. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma ɗansu Abdulƙadir shi ma ya riƙe waziranci. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ayyukanta fiye da 60 sun iso gare mu.

To, amma ba yawan rubutun ne ya sa muka ɗauko tarihinta yau ba. Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata da yara waɗanda ba su san harafi ba, ga takarda da tsada, ga matan aure ba sa barin gida. Sai Nana ta duba ta ga abin da ba ya buƙatar takarda kuma ba ya nauyin ɗauka shi ne waƙa. Ta shirya sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30, da Fillanci a 1829, da Hausa a 1838. Ta tsara labarin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa a waƙe tun daga farko har ƙarshe, yadda yarinya za ta riƙe shi kamar tatsuniya, ƙaninta Isa ya mayar da shi Hausa, shi ne ake kira Waƙar Gewaye. Akwai kuma Godaben Gaskiya a kan tsarki da ibada da lahira.

Yadda kayan nan suka isa ƙauye kuwa, fatake za su fi kowa ganewa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa wa kowace ƙungiya shugaba da ake kira jaji, sunan da aka aro daga mai jan gaban ayari. Takan ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan rawani. Malfar nan a da alamar Innar Gobir ce, shugabar masu bori, sai Nana ta karɓe ta ta mayar da ita alamar ilimi, wannan kuwa dabara ce babba. Masu tafiyar su ne tsofaffin mata da 'yan matan da ba su kai aure ba, domin su ne ke da damar fita. Sukan taho Sakkwato a ƙafa da zuma da man shanu da hatsi, Nana ta raba wa mabukata, su kuma su koma da waƙa a ka, su shiga gida-gida suna koya wa matan kulle. Wato yarinyar da yau muke ɗora wa tiren talla ta yi ta yawo tsakanin rumfunan ɗinki har dare, irinta ce Nana ta ɗora wa karatu.

Mu na Kamaru ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Tutar da Shehu ya ba Modibbo Adama ce ta kai Garwa da Ngaundere cikin daular, kuma Hausa da Fillanci da ta yi waƙa da su duka ana jin su a Briketeri.

Allah Ya yi wa Nana Asma'u rasuwa a Sakkwato a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta cikin babban kundi guda aka buga a Amurka, da fassarar Ingilishi. Allah Ya jiƙan ta da rahama.