Shehu Rahmatullahi Alkairanawi, Malamin Muƙabalar Agra

An haifi Shehu Rahmatullahi a garin Kairana, a arewacin ƙasar Indiya, cikin shekarar 1818. Ya tashi a gidan ilmi, ya yi karatu a Delhi da Lakno, har ya ƙware a Larabci da Farisanci da fiƙihu.

Zamaninsa ya zo daidai da ƙarfin mulkin Turawan Ingila. Tun 1813 aka buɗe wa 'yan mishan ƙofar ƙasar, suka duƙufa wajen fassara Baibul cikin harsunanta, suna bugawa suna rabawa a kasuwanni. Cikinsu akwai wani Bajamushe mai suna Karl Pfander, wanda ya wallafa littafin Mizanul Haƙƙi, inda ya kafa hujja cewa Attaura da Linjila da ke hannun Kirista suna nan yadda suke tun asali. Littafin ya bazu cikin Farisanci da Urdu, hankalin malamai ya tashi.

Shehu Rahmatullahi ya nemi a zauna a bainar jama'a. Aka yi muƙabalar a birnin Agra ran 10 da 11 ga watan Afrilu, 1854, gaban manyan ma'aikatan gwamnati da malamai. An shirya tattauna mas'aloli biyar, amma biyu kaɗai aka samu taɓawa, wato shafe hukunci da jirkita nassi. Mai taimaka masa shi ne Likita Muhammadu Wazir Khan, wanda ya san Turanci, ya kuwa karanta binciken da masanan Turai suka yi a kan tsofaffin rubuce-rubucen Baibul. Da littattafan Kirista kansu suka nuna wuraren da kofe ya saɓa wa kofe. Pfander ya yarda akwai kurakuran masu kwafa a wasu wurare, amma ya tsaya a kan cewa ba su taɓa tushen aƙida ba. Aka tashi kowane ɓangare yana cewa shi ya yi rinjaye.

Misalin irin wuraren nan shi ne aya ta 7 a sura ta 5 ta wasiƙar Yahaya ta fari. Jimlar da ke ambaton shaidu uku a sama ba ta cikin tsofaffin kofe na Girkanci, shi ya sa fassarori da yawa na zamani suka cire ta. Masanan Kirista kuwa suna amsawa cewa kofen Sabon Alkawari na Girkanci sun haura 5,000, kuma yawan nasu ne ke ba da damar gane ƙarin da mayar da nassi yadda yake.

Da tawayen 1857 ya ɓarke, Shehun ya shiga cikinsa. Turawa suka neme shi, suka ƙwace dukiyarsa, ya tsere ta teku har ya isa Makka. Daga can Sarkin Musulmi Abdul'aziz na daular Usmaniyya ya gayyace shi Istanbul, inda ya rubuta Izharul Haƙƙi da Larabci a 1864. An fassara shi cikin Turkanci da Faransanci da Turanci da Urdu, kuma shi ne littafin da ya buɗe wa Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu hanyar muhawara.

A Makka ya kafa makarantar Saulatiyya da taimakon wata baiwar Allah daga Kalkata, Saulatun Nisa, wadda aka sa wa makarantar sunanta. Nan ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa. Ya rasu cikin watan Ramadan na 1308 Hijira, daidai da 1891, aka binne shi a maƙabartar Mu'alla.

Abin koyi a rayuwarsa shi ne bai tunkari abokin jayayya da zagi ba, sai da ya karanta littafinsa tukuna. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.