Marigayi Adamu Halilu: Magabacin Fim ɗin Hausa

A duk lokacin da muke tattauna tarihin fim ɗin Hausa a aji, nakan lura cewa yawancinmu daga Turmin Danya na 1990 muke faro lissafi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo taƙaitaccen tarihin wani bawan Allah da ya riga masana'antar Kano shiga fage, wato Alhaji Adamu Halilu.

An haife shi a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a shekarar 1936. Ya karanci aikin fim a Ingila, sannan ya yi aiki a sashen shirya finafinai na gwamnatin Arewa, a zamanin da ake yawo da majigi gari-gari domin wayar da kan jama'a. Daga baya ya shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos.

Aikin da ya fi fito da sunansa shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace, bauta ta raba shi da mahaifiyarsa, ya ƙetare hamada, ya komo gida yana babban malami. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun, kuma da Hausa aka yi fim ɗin. Halilu ya rasu a 2001.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har aka fid da rai. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar. Cibiyar Arsenal da ke Balin ta gyara shi da tallafin ofishin jakadancin Jamus a Abuja, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

A ganina, mu ɗaliban harshe ne wannan ya fi shafa. A irin waɗannan finafinai ne za mu ji lafazi da karin maganar mutanen wancan zamani da kunnenmu. Idan muka bari suka lalace, ba kullum ne Jamusawa za su zo su ceto mana su ba.

Allah ya jiƙan Adamu Halilu da rahama, amin.