Nana Asma'u 'yar Shehu: malamar da ta ga ibada a aikin gida

Duk wanda ya tashi a Garwa, Marwa ko Ngaundere ya san sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin daga hannunsa Modibbo Adama ya karɓo tutar da aka kafa ƙasar Adamawa da ita. Amma ba kowa ne ya san tarihin 'yarsa Nana Asma'u ba, duk da cewa da yawa daga cikin waƙoƙinta da Fulatanci ta rubuta su, harshen da ake ciniki da shi yau a kasuwannin arewacin Kamaru, wasu kuma da Hausa da Larabci.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, ita da ɗan'uwanta Hassan, tagwaye. Sunan mahaifiyarsu Maimuna. Tana 'yar shekara goma da ɗoriya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta a kan hanya ta ƙare, cikin yaƙi da yunwa da tashi daga wannan zango zuwa wancan. A cikin wannan hali ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da tasawwufi a gidan mahaifinta. Wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haifa masa 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir da ya gaji mahaifinsa a wazirci.

Gidan Waziri kuwa gida ne da ba ya rabo da baƙi: manzanni, malamai, almajirai, matafiya. Ciyar da su da kula da su yana wuyan uwargida. A nan Asma'u ta yi rayuwarta, tana raino, tana kula da tukunya da rumbu, tana rubutu. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ita da mijinta sun yi aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su. Ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, ta kuma rubuta Waƙar Gewaye a kan tarihin jihadi, da Godaben Gaskiya. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai kusan sittin.

To, abin da ya fi nuna yadda ta fahimci addini shi ne mutanen da ta zaɓa ta yi wa marsiya. Ta yi wa Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta, ba su bar littafi ko ɗaya ba. Akwai Halima, maƙwabciyarta, wadda ta yaba da ita saboda kirki, son yara da manya, da sasanta dangi idan an samu saɓani. Akwai Zaharatu, wadda ta rasu wajen 1857, wadda ake kira idan mace na naƙuda ta zo, a kira ta wankan gawa ta zo ba tare da jan ƙafa ba, tana kuma koya wa mata addini. Akwai Hauwa'u, wadda ta shekara da shekaru tana jagorantar mata daga ƙauye zuwa wurin karatu. Asma'u ta jera waɗannan ayyuka tare da salla da azumi da zikiri, ta roƙa musu Aljanna a kansu. Wato a wurinta ungozoma mai tsoron Allah ta cancanci alƙalamin da aka yi wa Sarkin Musulmi marsiya da shi.

Irin wannan fahimta ta ɓulla a wasu ƙasashe ma, a tsakanin mutanen da aƙidarsu ta sha bamban da tamu. A Indiya, mabiya addinin Hindu suna da tafarkin da suke kira bakti, wato bauta ta hanyar ƙauna, kuma da yawa daga cikin manyansa masu sana'a ne da magidanta. Kabir masaƙi ne a Banaras. Janabai, wadda ta rayu wajen ƙarni na 14 a garin Pandarpur, 'yar aiki ce a gidan mawaƙi Namdev, kuma niƙa da shara da wanki su ne suka cika waƙoƙinta na bauta. Abin bauta daban ne, amma tambayar ɗaya ce: mai aikin gida da ba ta da lokacin keɓewa, ina rabonta? Amsar Asma'u daga cikin Musulunci ta fito, inda niyya ke mayar da aikin yau da kullum ibada.

Ba ta tsaya a waƙa ba, ta tsara hanya. Daga wajen shekarun 1830 ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. Matan aure masu goyo ba za su iya barin gida su yi tafiyar kwanaki ba, sai ta ce karatun ya je ya same su. Kowane gari yana da jaji, dattijuwa amintacciya, wadda Asma'u ke naɗa wa malfa da jan rawani. Jaji kan taho da tsofaffi da 'yan mata ƙanana, galibi da rani bayan an gama aikin gona, su zauna a gaban Asma'u su haddace waƙoƙi, su koma su koya wa matan da suka bari a gida. Waƙa ce, ana iya rera ta ana daka ko ana kaɗi. A ciki akwai tsarki, salla, haƙƙin maƙwabci, kula da mara lafiya, da nisantar bori. Sadakar da suka kawo, hatsi ko zuma ko sawaye, ita kuma ta raba wa mabukata.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da 'Yan Taru. Takardunta sun zauna a hannun zuriyarta har zuwa Waziri Junaidu, wanda ya ba Jean Boyd damar nazarinsu, kuma a 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta.

Yau a unguwanninmu na Garwa akwai matan da ke tashi tun asuba su ɗora koko ko ƙosai, su shirya yara makaranta, da yamma su leƙa Islamiyya idan lokaci ya ba su. Wasu na ganin kamar an bar su a baya wajen ibada. Ai da Nana Asma'u tana raye, irinsu ne za ta fara tambayar sunayensu. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.